Takobin uban da ya karye: kacici-kacicin ƙarfe a fim ɗin Conan the Barbarian

Malam Sabo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina so mu duba fim ɗin Conan the Barbarian na 1982, wanda John Milius ya ba da umarni, shi da Oliver Stone suka rubuta. Da yawa suna ɗaukarsa fim ɗin sara da suka, ƙato da takobi yana fille kawuna. A ganina tambaya ɗaya aka gina shi a kanta, wadda suka kira kacici-kacicin ƙarfe: a ina ƙarfi yake zaune?

Sau 2 aka amsa ta da baki. Uban Konan maƙeri ne. Ya zaunar da yaron a kan dutse ya ce kada ya amince da namiji ko mace ko dabba, ya nuna masa takobi ya ce wannan ne abin dogaro. Ba a jima ba mahara suka faɗa wa ƙauyen, karnukan yaƙi suka yayyaga uban, aka miƙa wa jagoran maharan, Tulsa Dum, takobin nan, ya sare kan uwar da shi, yaron yana riƙe da hannunta.

Amsa ta biyu ta Tulsa Dum ce, bayan shekaru, lokacin da ya zama shugaban masu bautar maciji. Ya ce ƙarfe ba komai ba ne in aka gwada shi da hannun da ke riƙe da shi, tsoka ta fi ƙarfe. Don ya nuna, ya ɗaga kai ya kira wata yarinya da ke tsaye a kan tsauni, ta faɗo ta mutu ba ko gardama.

To a ƙarshe takobin uban ya karye a yaƙi, kuma da guntun Konan ya sare kan Tulsa Dum. Ƙarfe ya karye, tsoka ta yanku. Wace amsa ce ta rage?

Ɗanlami:
Wa alaikumus salam Malam. Amsar da aka fi yaɗawa ita ce ƙudurin zuciya, kuma fim ɗin ya buɗe ne da maganar Nietzsche, masanin falsafa na Jamus, cewa abin da bai kashe mu ba ƙarfi yake ƙara mana. Amma a lura, babu wanda ya furta wannan amsa ta uku a cikin fim ɗin. Masu kallo ne suka ciro ta. Milius da hoto da kiɗa yake magana: Konan babba ba ya cewa uffan sai an haura minti 20 da farawa, kiɗan Basil Poledouris ne ke ɗauke da labarin.

Baba Maƙeri:
Kafin ku shiga falsafa ku tsaya mu duba takobin kansa, don a nan amsar Malam Sabo ta fara.

Farkon fim ɗin an nuna an narka ƙarfe ana zuba shi cikin mazubi mai siffar takobi, aka ɗan bubbuga, aka soka shi cikin dusar ƙanƙara. Yana da kyan kallo, amma ba haka ake takobin ƙarfe ba. Zubi aikin tagulla ne: jan ƙarfe kashi 9, kuza kamar kashi 1, yana narkewa wajen digiri 1,000. Tsantsar baƙin ƙarfe sai ya kai digiri 1,538 yake narkewa, wutar maƙera ba ta kai shi can yana tsantsarsa. Wanda ke narkewa da sauƙi, wajen digiri 1,200, shi ne wanda ya sha sinadarin gawayi da yawa, kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Shi ake zuba tukunya da murhu da shi. Ka yi takobi da shi, sara ɗaya ya tarwatse kamar kasko.

Ƙarfen takobi yana son sinadarin gawayi kamar kashi 0.6 zuwa 0.8 cikin 100, irin na sifirin mota. Ƙira ake yi: a sa a wutar gawayi, gawayin ƙirya in an samu, a zuga, a ciro da awartaki, a daka da masaba a kan uwar maƙera har ya miƙe. In siffa ta fito sai a mai da shi wuta ya yi ja a bar shi ya huce a iska, sau 2 ko 3, don jikinsa ya kwanta. A bar bakin da ɗan kauri, kamar milimita 1. In ka wasa shi tun yanzu zai tsage.

Sai taurarawa. A zafafa shi daidai wa daida daga ƙota zuwa tsini har maganaɗisu ya daina kama shi, wato wajen digiri 770, a ɗan ƙara ya kai 800 da 'yan kai. A tsoma shi a tsaye, tsini a gaba, cikin mai mai ɗumi. Kada a kaɗa shi gefe da gefe, zai lanƙwashe. Irin wannan ƙarfe in ka ba shi ruwan sanyi sau da yawa za ka ji ƙas, ya tsage. Dusar ƙanƙara kuwa yawancinta iska ce. Tana taɓa zafi ta narke ta ja da baya, ta bar takobin cikin rami yana hucewa a hankali. Ba zai taurara ba.

Ga inda nake so ku riƙe. Ƙarfen da ya fito daga mai ya yi tauri har magagari yana zamewa a kansa, amma in ya faɗi ƙasa yana iya fashewa. Dole a sake mai da shi wuta mai sanyi a rage masa tauri. Ka goge shi ya yi fari, ka riƙa kallon launi: ruwan karan dawa wajen digiri 220 na wuƙa ne, shuɗi wajen digiri 300 na takobi ne, mai lanƙwasa ya dawo. Wannan mataki fim ɗin bai nuna shi ba sam.

Malam Sabo:
Allah ya ƙara girma Baba. Ke nan ko a maƙera tauri kaɗai aibi ne. Wannan ya taɓa maganar Nietzsche kai tsaye.

Anti Rabi:
Ya taɓa ta, kuma an ma ɗan sauya maganar. A littafinsa da ya rubuta a 1888, cewa ya yi abin da bai kashe ni ba, da bakin mutum ɗaya, ƙarƙashin wani ɗan take da ke cewa darasi ne daga makarantar yaƙi ta rayuwa. Mutum ne ke faɗin yadda ya ƙudura zai ɗauki wahalarsa. Fim ɗin ya mai da shi mu, sai ya koma kamar doka ce a kan kowa.

Ku duba maniƙar nan da aka ɗaure yaran ƙauyen, har da Konan, suna turawa bayan an kwashe su bayi. Da farko yara ne da yawa a jikin sandunanta. Hoto yana juyawa, rani da sanyi suna wucewa, suna raguwa, har ya rage Konan shi kaɗai yana tura abin da ake turawa da taro. Ido yana kan wanda ya rayu. Sauran fa? Wahalar nan ɗaya ce ta cinye su. Kuma a zahiri aikin bauta da ƙarancin abinci rama mutum yake yi, ya cinye masa gwiwa da baya. Jikin Arnold Schwarzenegger, wanda ya fito a matsayin Konan, na horo ne da abinci da hutu.

Ɗanlami:
Anti, ai tatsuniya ce, ba a neman lissafin abinci a cikinta.

Anti Rabi:
Gaskiyarka Ɗanlami, ban ƙi ba. Amma wanda ya buɗe tatsuniyarsa da maganar masanin falsafa ya gayyaci a auna ta. Kuma ina ganin Milius da kansa bai yarda da maganar ɗari bisa ɗari ba. Me maniƙar ta fitar? Ƙato marar magana, wanda aka saya aka jefa ramin dambe, da farko bai ma san zai kare kansa ba sai da aka cije shi. Daga baya aka kai shi gabas aka koya masa takobi da karatu da rubutu, amma har lokacin a keji yake kwana.

Zulai:
A nan ne ake yawan yi wa fim ɗin gurguwar fahimta. Maganar da kowa ya haddace, da aka tambayi Konan abin da ya fi daɗi a duniya ya ce ka murƙushe maƙiyanka, ka ga ana kora su a gabanka, ka ji kukan matansu, mutane suna ɗaukarta ita ce aƙidar fim ɗin. Ku sake kallon wurin. Yana zaune a kan tebur a tsakiyar liyafar mayaƙa kamar kayan nuni, bawa ne. Wani ya riga shi amsawa, ya ce fili fetal da doki mai gudu da shaho a hannu da iska a gashi, aka daka masa tsawa aka ce ya yi kuskure. Sai aka juyo ga Konan ya karanto abin da iyayen gidansa suke son ji. Asalin maganar ma Jangis Khan, sarkin Mongol, ake jingina wa irinta. Hadda ce aka ɗura masa.

Kuma ba shi ya 'yanta kansa ba. Ubangidansa ne ya sare sarƙar da dare ya kore shi, ya tsaya turus bai san inda zai nufa ba.

Malam Sabo:
Wannan ya rushe wani karatu da nake gani ana yi, na ɗora Hegel, shi ma masanin falsafa na Jamus, a kan fim ɗin. A littafinsa na 1807 bawa ta hanyar aiki yake gane kansa, yana sarrafa abu da hannunsa yana ganin hankalinsa a jikin abin da ya ƙera. Konan bai ƙera komai ba. Ya zagaya da'ira shekara da shekaru, ba a ma nuna mana garin da ake niƙawa. Wanda ya dace da bayanin Hegel shi ne uban, mai ƙira.

Ustaz Nura:
Salamu alaikum. Kafin na sa baki, tunatarwa ga wanda bai gani ba: akwai tsiraici da zubar da jini a fili, ba na zama da yara ba ne. Kuma gumakan cikinsa ƙirƙira ce ta marubuci, muna duba abin da ake nufi da su ne kurum.

Maganar hannu da takobi tsohuwa ce. Littattafan adabin Larabci suna kawo labarin Amru bin Ma'adi Karib, jarumin Yaman, mai takobin da ake kira Samsama. Halifa Umar ya nemi a kawo masa takobin, ya gwada bai ga abin da ake faɗa ba, ya aika masa da haka. Amru ya amsa cewa takobin ya aiko, bai aiko da damtsen da ke sara da shi ba. Wannan ita ce amsar Tulsa Dum, rabinta na gaskiya.

Inda ya karkace shi ne abin da yake nufi da tsoka. Ba damtsensa yake nufi ba, jikin wasu yake nufi, wanda ya mallake. Imam Gazali, a babin abubuwan mamakin zuciya na Ihya, ya kwatanta zuciya da sarki, gaɓoɓi rundunarsa. Tulsa Dum yana tuɓe sarkin da ke cikin mutum ya zauna a gurbinsa. Shi ya sa mabiyansa ke sanye da fararen kaya, suna riƙe da furanni, ana ce musu su zubar da duk abin da ke cikinsu. Suna can ƙasa suna waƙa, a cikin dutsen da haikalinsa yake kuwa manyansa suna shan romon naman mutane daga ƙatuwar tukunya. Ba a ɓoye ma'anar ba ko kaɗan.

Ɗanlami:
Allah gafarta Malam, kuma masu kallon 1982 ba su buƙaci a fassara musu ba. A Nuwamba 1978 mutum fiye da 900, mabiya Jim Jones 'yan Amurka, suka mutu a dajin Guyana bisa umarninsa. Shekara 4 ba ta cika ba fim ɗin ya fito. Faɗowar yarinyar kuma ta yi kama da labarin da marubutan Turai na zamanin yaƙin 'yan Salibiyya suka bayar game da Dattijon Dutse, shugaban wata ƙungiya a ƙasar Sham, wai ya yi nuni mabiyansa suka diro daga hasumiya don baƙo ya gani.

Ustaz Nura:
Haka ne, sai dai wancan labari daga bakin abokan gaba ya fito, masana tarihi suna ɗaukarsa almara.

Anti Rabi:
Bari in kawo asalin Konan, don fim ɗin ya sha bamban da shi. Robert E. Howard, mutumin Texas, ya fitar da labarin Konan na farko a mujallar Weird Tales a Disamba 1932, ya rasu a 1936 yana da shekara 30. Konan ɗinsa bai taɓa girma a bauta ba, da ƙafarsa ya bar ƙasarsu, mai wayo ne, mai jin harsuna. Babu kacici-kacicin ƙarfe a wurin Howard, na fim ne. Tulsa Dum ma daga labaran wani jarumin nasa, Kull, aka aro sunan.

Falsafar Howard wata ce dabam: wayewa ruɓewa take yi daga ciki, mutumin daji kullum shi ke cin nasara a ƙarshe. Wanda ya karanta Muƙaddima ta Ibnu Khaldun, wadda ya rubuta a 1377, zai ji kamar ya san muryar. Mutanen ƙauye da sahara suna da asabiyya, haɗin kai na jini da wahala, su ci birni, daɗi ya narkar da su. Ya ce daula galibi ba ta wuce zuriya 3, kowace shekara 40, jimla 120.

Fim ɗin ya ɗauko wannan a wuri 2, a jere. Bayan su Konan sun sace jauharin hasumiyar maciji suka shiga shaye-shaye da kashe dukiya, har Konan ya kifa fuska cikin kwanon abinci, dogarai suka kama su ba wahala. Sai aka kai su gaban Sarki Osrik, wanda mai ba da labarin ya ce shi ma da jarumin arewa ne kamar Konan, yanzu ya tsufa giya ta ci shi. Max von Sydow ya fito a matsayin Osrik 'yan mintuna kaɗan, amma a nan zuciyar fim ɗin take a wurina. Ya ce akwai lokacin da jauhari ke daina ƙyalli, zinariya ta dushe, fada ta zama kurkuku, abin da ya rage sai son uba ga 'yarsa. Sarki da rundunarsa ya kasa karɓo 'yarsa, don ba da takobi aka ɗauke ta ba, da ƙafarta ta bi Tulsa Dum.

Hoton ƙarshe kuwa Konan ne a kan gadon sarauta, da gemu, ya yi tagumi. An nuna mana Osrik na gaba.

Malam Sabo:
To mu koma kan amsa ta uku. In mun ce ƙudurin zuciya ne, wace kalma ce ma daidai? Irada? Himma? Niyya?

Ustaz Nura:
Irada ita ce so da zaɓi. Himma ita ce tsayin abin da zuciya ta sa a gaba da naciyarta. Niyya ita ce don me. Abin da Nietzsche yake nufi ya fi kusa da irada mai neman rinjaye. Matsalar ita ce Tulsa Dum ya fi kowa ita a fim ɗin. In irada ce amsa, to mai irada ya kashe mai irada, ba a warware komai ba, an dai ga wanda hannunsa ya riga.

Haka addu'ar Konan kafin yaƙin kushewu, inda shi da abokinsa Subotai suka tari rundunar Tulsa Dum a tsakiyar tsofaffin kaburbura. Ya ce wa gunkinsa Kurom bai taɓa roƙonsa ba, ba wanda zai tuna ko su mutanen kirki ne ko miyagu, abin da za a tuna shi ne mutum 2 sun tsaya wa taro, ya ba shi fansa, in ya ƙi ji kuma ya tsine masa. Ya cire niyya daga lissafi da bakinsa. Wannan shi ne nesa mafi girma tsakanin fim ɗin da yadda muka fahimci aiki, inda ayyuka suke bisa niyya. Ɗaure raƙumi dai ya ɗaure, don sun kwana suna kafa tsinin itace da tarkuna. Tawakkali ne babu.

Anti Rabi:
Kurom ɗin Howard ma ya fi haka sanyi: yana hura wa jariri ƙarfin fafutika ranar haihuwa, daga nan ba ruwansa, kiransa ma jawo wa kai masifa ne. Balhala, makomar jaruman da suka mutu a yaƙi, da Konan ya ambata a hirarsa da Subotai ta mutanen arewacin Turai ce aka liƙa. Haka Set, gunkin macijin da su Tulsa Dum ke bauta wa: a tsohuwar Masar ba maciji ba ne, macijin Afofis ne.

Zulai:
Ni ban yarda amsar irada ce ba, kuma hujjata lissafi ne. Ku ƙirga sau nawa Konan ya tsira, da hannun wa.

Ya tafi Dutsen Iko, mazaunin Tulsa Dum, shi kaɗai, masoyiyarsa Baleriya tana roƙonsa kada ya je. Aka gane shi, aka lakaɗa masa duka, aka gicciye shi a kan itace. Iyakar abin da iradarsa ta yi a nan shi ne ya ciji wuyan ungulu. Subotai ne ya zo a guje ya sauke shi. Boka ya rubuce jikinsa da baƙaƙe, Baleriya ta kwana tana kokawa da iskokin da suka zo ɗaukarsa, bayan an gaya mata akwai farashi ta ce za ta biya. Ta biya: Tulsa Dum ya miƙar da maciji ya zama kibiya ya harbe ta. A yaƙin kushewu Reksor, babban yaron Tulsa Dum, ya kai Konan ƙasa ya ɗaga takobi, ita ce ta dawo daga mutuwa ta tare saran. Da Tulsa Dum ya harba wa gimbiya, 'yar Osrik, maciji, garkuwar Subotai ce ta tare. Har kuka Subotai ne ya yi masa a gaban gawar, ya ce shi Konan ba zai yi ba.

Uban ya ce kada ya amince da namiji ko mace. Namiji da mace ne suka cece shi, takobin uban kuwa shekaru yana hannun maƙiyi yana yi masa aiki. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Malam Sabo:
Zulai, hujjarki ta yi ƙarfi, amma ki lura inda ta kai ki. Baleriya ta mutu don Konan, yarinyar tsauni ta mutu don Tulsa Dum. Duka tsoka ce ta ba da kanta. Ba ki koma amsa ta biyu ba?

Zulai:
A'a Malam. Yarinyar ba mu san sunanta ba, shi ma da wuya ya sani, don misali kawai aka kashe ta. Baleriya ta yi gardama, ta ce a bar fansa a ɗauki dukiya a tafi, aka ƙi jin ta, ta ji farashi da kunnenta, sannan ta zaɓa. Kuma ba Konan ne ya nema ba, yana kwance bai san inda kansa yake ba. Ɗaya an kashe mata zaɓi kafin a kashe ta, ɗayar zaɓinta ne ya kai ta.

Ɗanlami:
Akwai abin da ke goyon bayan Yaya Zulai a haɗuwar ƙarshe. Tulsa Dum bai ɗauki makami ba. Ya kafe Konan da ido, irin kallon da ya sa uwar ta sauke takobinta, ya kira shi ɗansa, ya ce wane ne ubanka in ba ni ba, ni na ba ka dalilin rayuwa, in na tafi kamar ba a taɓa yin ka ba. Kuma ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, a nan haɗarin yake. In wahala ce ke gina mutum, to wanda ya ba ka wahalar shi ya gina ka. Maganar farkon fim ɗin ce ya juyo da ita. James Earl Jones, wanda ya fito a matsayin Tulsa Dum, ya faɗe ta a hankali da taushi, har ka ga idon Konan ya fara lumshewa. Sai ya dubi guntun takobin da ke hannunsa ya farka. Ba lafiyayyen takobin da ya samo a wani kabari ke hannunsa ba, karyayyen ne. Ba don kaifi ya zo da shi ba, don ya tuna ɗan wane ne.

Malam Sabo:
Amma bayan nan fa? Ya jefa kan a matakala, ya saki guntun takobin, mabiya suka riƙa kashe fitilunsu a ruwa suna watsewa. Sai aka bar shi zaune shi kaɗai a kan matakalar cikin dare, ba kiɗan nasara. A doguwar sigar fim ɗin gimbiyar ta zo ta rusuna masa kamar yadda take yi wa Tulsa Dum, bai karɓa ba, ya ƙone wurin ya kama hannunta ya mai da ita gida. Wannan ƙin karɓar ya fi saran nauyi a wurina. Duk da haka ina nan kan cewa fim ɗin yana sha'awar ƙarfi fiye da yadda Zulai take so ya yi. Kyamara tana son damtsen nan, tana son jinin.

Anti Rabi:
Tana so, kuma akwai abin da bai kamata a tsallake ba: jarumi fari ne daga arewa, mugun kuma baƙar fata ne. An sa wa Jones dogon gashi miƙaƙƙe da shuɗin ido don ya zama kamar ragowar wata al'umma da ta shuɗe, manyan yaransa 2 kuma farare ne, amma hoton farar fata riƙe da kan baƙar fata yana nan. Labaran Howard kansu cike suke da ra'ayin launin fata na Texas ta shekarun 1930. Ana iya jin daɗin tambayar da fim ɗin ya yi ba tare da an rufe ido a kan wannan ba.

Ɗanlami:
Baba, tambaya ta ƙarshe gare ku. Takobi zai iya karya takobi kamar yadda aka nuna? Kuma in ya karye ana gyara shi?

Baba Maƙeri:
Yana karyewa, amma da wuya lafiyayye ya karye da sara ɗaya. Abin da ke faruwa shi ne kaifi yana haɗuwa da kaifi ya bar ɗan giɓi. Kowane sara na gaba, ƙarfin yana taruwa a gindin giɓin nan, tsaga tana tafiya ciki ba a gani, har ranar da za ta ratsa. Shi ya sa ake tare sara da faɗin takobi ko kusa da ƙota inda ya fi kauri, kuma giɓi in ya fito a goge shi da dutse tun yana ƙarami. Wuri na biyu da ke karyewa shi ne kafaɗa, inda ruwan takobi ya shiga ƙota. In maƙeri ya yanke wurin da kusurwa mai kaifi maimakon ya zagaye shi, nan zai tsage. Takobin da ya yi shekara 20 a hannun mahari, karyewarsa ba abin mamaki ba ne.

Ka dubi bakin karayar za ka san laifin wa. In ƙwayar ƙarfen ta yi laushi, toka-toka kamar gari, ƙira ta yi kyau, aiki ne ya ci shi. In ta yi manya tana ƙyalli kamar gishiri, an ƙona shi a wuta tun farko. In akwai wani yanki mai duhu ko tsatsa, tsohuwar tsaga ce.

Gyara kuwa, ana iya haɗa shi a wuta: a fere bakunan 2 a karkace, a zuba musu yashi mai laushi ko boras don kada datti ya shiga tsakani, a kai su zafin da ya kusa fari, a ɗora a daka da sauri. Amma wannan zafi yana kashe taurin takobin, dole a sake taurarawa da sassautawa daga farko, kuma zai gajarta. Mahaɗar ma ba wanda zai ba ka tabbacinta a yaƙi. Yawanci ɓangaren ƙota ake ɗauka a fitar masa da sabon tsini ya zama wuƙa, ɓangaren tsinin a yi kan mashi da shi.